Bokan da Ya Ƙi Cewa Wayyo

Akwai wani tsohon fim na 'yan Cana da ya zagaye wayoyin Rogo har ya zama ɗan gari. Mutane na tashi sama suna faɗa a kan rufin ɗaki, ga boka mai farin gemu da wuta ke fita daga idonsa, ga jarumi sakarai wanda duk naushin da ya kai bango yake samu. Samari sun haddace shi tsaf. Shi ya sa da Ashiru mai gyaran waya a Rogo Sabon Gari ya ce zai yi irinsa da Hausa, ba wanda ya hana shi.

Lukumanu tela ya karɓi jarumi. Boka ne ya yi wuya, sai da Ashiru ya hau babur har rugar da ke bayan Gwangwan, wajen Hammawa.

Hammawa ya haura hamsin, dogo ne siriri. Shanunsa ba su taka kara sun karya ba, abin da yake da shi suna ne. Sau bakwai ya shiga shaɗi yana saurayi, ana tsula masa tsumagiya a gaban jama'a, bai taɓa cewa uffan ba, sai dai ya ɗaga madubi yana murmushi. A na bakwai ɗin Mas'uda ta gan shi, ta ce shi take so. Shekara talatin ke nan da aurensu, ko ciwon haƙori bai yarda ta ji nishinsa ba.

Ya amsa wa Ashiru da murna, don bokan fim ɗin yana burge shi. Sai dai bai taɓa ganin ƙarshensa ba, kullum kafin a kai can lokacin shayar da shanu ya yi.

Kwana uku ana aiki a wata gona da aka cire gyaɗa. Aka manna masa gemun auduga, aka yafa masa jan labule, aka rataya masa ƙaramin madubi a wuya, har sama aka ja shi da igiya a jikin ɗorawa. Duk ya yi, ya kuma ji daɗi. Ran na huɗu Ashiru ya matso.

"Baffa, saura ƙarshe. Lukumanu zai sauke maka sanda, sai ka faɗi ka ce wayyo Allah, da ƙarfi."

"In ce me?"

"Wayyo. Ai wasa ne, Baffa."

"Wasan nan a wayarka zai tsaya?"

"Ina! Ko'ina zai je, har ruga."

Hammawa ya juya maganar a ransa. Har ruga, wato har tafin hannun Mas'uda.

Sandar ta karan dawa ce da aka shafa wa fenti. Lukumanu ya yi tsalle, ya yi ihu irin na 'yan Cana, ya sauke ta. Hammawa ya yi murmushi. Aka sake, ya sake. Sau takwas, Ashiru yana roƙo kamar ya yi kuka, 'yan kallo kuwa har da masu riƙe ciki.

"Tela, koma kan allura!" in ji wani.

Ran Lukumanu ya ɓaci. Karan ya riga ya kakkarye, sai ya rarumi abin da ke kusa, ashe sandar kiwon Hammawa ce. Ya zage ya narka masa a haƙarƙari.

Hammawa ya ji wani abu ya ce ƙas a cikinsa. Gonar ta yi masa duhu. Ihun ya taso har maƙogwaro, ya haɗiye shi, ya laluba madubin wuyansa, ya ɗaga, ya yi murmushi. Lukumanu ya dubi sandar, ya dubi mutumin, ya yar da ita ya ranta a na kare, ba kuma na wasa ba.

"A bar shi haka!" in ji Ashiru. "Wallahi ya fi na 'yan Cana."

Hammawa ya ƙi hawa babur. Ya taka a miƙe har ruga, ana la'asar. Bai tsaya a bukka ba, ya wuce cikin shanu, ya zagaya bayan farar saniyarsa, ya durƙusa.

"Wayyo Allah na," ya ce. Ya sake faɗa, hawaye na zuba a gemun audugar da ya manta bai cire ba.

Da ya ɗago, ga Mas'uda tsaye da ƙwarya a hannu. Kunya ta rufe shi, har ta fi ciwon zafi.

Ba ta dube shi ba, saniyar ta duba.

"Wannan tun ɗazu nake jin nishinta," ta ce. "Ga ruwan zafi da man shanu, a gasa mata haƙarƙari."

Ta ajiye, ta juya ta tafi. Hammawa ya sa yatsa a ruwan ya janye da sauri. Ba yanzu aka ɗora shi ba. Tun daga nesa ta ga tafiyarsa ta hura wuta.