Mista Waqa Ya Sha Yaqonarmu

Wata uku ban yi zaman kirki ba. Ko tuƙin rogo nake, kunnena na bakin teku, inda injin masu saran itace ke kuka. Kullum sai sun ci wani yanki na tiri, itatuwan nan da ke tsaye cikin laka, inda mu matan ƙauyen ke kamun ƙaguwa. Da ƙaguwar muke ciyar da gida.

Ɗan'uwanmu da ke aiki a garin Labasa ne ya ce doka ta ba talaka dama ya nemi hukuma ta kafa sabuwar ƙa'ida, kuma dole ta amsa cikin wata uku. Sai muka gayyato Mista Waqa, jami'in gandun daji. Dagacinmu ya ajiye masa damin saiwar yaqona, wadda muke jiƙawa a sha idan ana roƙon babban abu, ya roƙa a hana saran tiri. Aka daka, aka jiƙa, aka miƙa masa a ƙoƙon kwakwa. Ya shanye, ya tafa sau uku. A wurinmu wanda ya karɓi yaqona ya karɓi magana ke nan.

Daga ranar Goggo Vasemaca, babbar cikinmu, ta hana kowa sakat. Da ta ji motar haya sai ta fito da laka har gwiwa.

"Litiana, an aiko da amsar?"

"Goggo, buhun fulawa ne."

"To fulawar ta ce me?"

Ni kaina haushi ya ishe ni. Na je bakin ruwa, na dawo, na sake komawa, kamar kallona zai tsayar da injin.

Ranar da wa'adin ya cika muka hau mota ni da ita zuwa ofishin gandun daji. Mista Waqa ya tarbe mu da fara'a, har da jawo kujera.

"Inna, ke da kanki? Lafiya?"

"Lafiyar ke nan, ɗana. Amsarmu muka zo karɓa."

Ya duba kwamfuta, ya sosa ƙeya. Wai babu buƙatarmu a ciki. Wai wa'adi ba ya fara tafiya sai ranar da aka shigar da buƙata a rubuce, aka buga mata hatimi.

"Ranar da ka zo fa?" in ji ni.

"Ai na ɗauka gaisuwa ce, ƙanwata."

"Gaisuwa? Ƙoƙo nawa ka sha? A gidanku haka ake gaisuwa?"

Ya sunkuyar da kai. Ɗan ƙasa ne kamarmu, ya san abin da ya sha, shi ya sa abin ya fi ƙona min rai. Ya turo takarda da biro, ya ce in mun cike yau, yau za a fara ƙirge.

"Masu injin su ma za su jira wata ukun?" Goggo ta tambaya.

Ya ƙara turo takardar gabana.

Na ɗauki biro. Akwai gurbin da ya ce a faɗi wurin da ake so a kare. Na ce, "Goggo, in sa duka gaɓar?"

Ta daɗe tana motsa baki, tana auna saurin injin da abin da ya rage.

"Sa na bayan coci kawai," ta ce. "Sauran ba za su kai lokacin ba."

Nata wurin, inda uwarta ta koya mata zura hannu a ramin ƙaguwa, yana cikin sauran.