Jar Rigar Sanyina a Teburin Sista

"Mama, me ya sa matar can ta sa rigarki?" in ji 'yata Orla da ƙarfi a ƙofar coci.

Na waiwaya, sai ga jar rigar sanyina a jikin Selam, 'yar gudun hijirar da ta iso garinmu Sligo makon jiya. Ashe a teburin kayan taimako na Sista Concepta ta cocinmu na ajiye ta, ita kuwa ta ɗauka sadaka ce ta bayar. Kunya ta kama Selam, ta fara ɓalle maɓalli.

Na ce, "Bari, 'yar'uwa! Dama tun da na haihu ta matse ni."

Sista ta ce, "Ƙarya a ƙofar coci, Maeve? Allah ya ƙaro irinta."

Ina rawar ɗari na koma gida. Don haka kada ka kuskura ka ajiye komai kusa da teburin nan, ko da jaririnka ne.