Fitilu Goma Don Istigfarin Baba

Saura kwana biyu Yusra ta tafi bautar ƙasa can Kudu, amma har yanzu fitilun nan goma sun ƙi kamawa.

Tun da ɓarin jikin mahaifinta Malam Hammadu ya shanye, yatsunsa suka daina jan carbi, idonsa kuma ba ya ganin komai sai mai haske sosai. Kullum bayan la'asar takan zauna gefensa a tsakar gidansu na Gwammaja, yana istigfari tana ƙirga masa. Gidan kuwa daga shi sai ita. Maƙwabciya ta ce za ta riƙa kawo abinci, amma wa zai zauna ƙirga?

Shi ya sa ta jera ƙwayayen fitilar babur a kan katako, ta jona su kai tsaye da wata 'yar baƙar na'urar ƙirga. Idan ya taka maɓalli da ƙafarsa mai lafiya, fitila ta gaba ta kama. A takarda komai daidai. A kan katako kuwa ko ƙyalli babu, sai zafi da na'urar take ɗauka.

"Uwata, abin naki ya ƙi ne?"

"Tana ƙirgawa, Baba. Ƙarfin kunna fitila ne ba ta da shi."

"To ai irina ce ke nan."

Yusra ta kasa dariya. Washegari ta sayo tiranzista goma, ta ba kowace ƙafar na'urar guda, da rezista mai rage ƙarfin wuta a tsakani. Aikin na'urar yanzu ta ɗan taɓa tiranzistan kawai, shi kuma ya buɗe wa wutar batir hanya. Narkakkiyar dalmar liƙa waya ta ƙona mata yatsa sau biyu. Tiranzista na bakwai ta juya masa ƙafafu bisa kuskure, sai da ta cire ta sake.

Bayan la'asar ta ajiye katakon a gabansa. Ya taka. Ta farko ta kama tangaran.

"Kai! Na gan ta!"

Ya ci gaba yana istigfari yana takawa, har ta goma. Sai ya dakata.

"Na'urar ta tsaya ne, Baba?"

"A'a. Ke nake jira. A nan kike cewa Allah ya karɓa."

Ta faɗa. Sannan ta shige ɗaki ninke kayanta. Daga can tana jin ƙas, ƙas na maɓallin, yana tafiya daidai babu kuskure. Duk sanda ya kai goma sai ya ɗan dakata, kafin ya koma ta farko.