Ƙwan Zabin Daji

Zabi goma sha huɗu Atipoka ta kiwata domin makokin uwarta. Shekara biyu ke nan da binne tsohuwar a Bongo, sai bana dangi suka tsayar da ranar sallamarta, kuma 'yar fari ba ta shiga gidan ubanta hannu rabbana a irin wannan rana. Kaza ta sa wa ƙwan zabin, don zabuwa ba ta iya raino ba. Kullum da sassafe sai ta je ta haƙo gara ta zuba wa 'yan tsakin.

Mijinta Ayamga kuwa akwai son banza. Yana cikin noman gero ya ci karo da sheƙar zabin daji, ya kwaso ƙwai shida a hula, ya cusa su ƙarƙashin kazar bai ce wa matar uffan ba. Sai da suka tasa ta lura akwai waɗanda ba sa amsa kira, ga firgita, ga kwana a reshen da ya fi tsawo. Da ta tsare shi, dariya ya yi, wai zabo ai zabo ne, wanda ya ci dawar gida ya zama na gida.

Saura kwana tara a yi makokin, zabin daji suka yi kuka daga bakin rafi. Shidan nan suka ɗaga wuya suka nufi can. Zabi ba sa tafiya ɗai-ɗai, sai na gidan suka bi su a jere. Kwana uku Atipoka tana yawo da ƙwaryar dawa tana kira, har muryarta ta dushe.

"Za su dawo, uwar Adongo," in ji Ayamga, yana kurɓar burkutu. "Yunwa za ta koro su."

"In sun dawo, ka kai wa uwata kabari."

Da tsohuwar kazar nan kaɗai ta je makokin. Mata suka dubi hannunta, suka dubi juna. Kunya ta ishe ta har ta rasa inda za ta zauna.

Can sai ga ƙanenta Nsobila da bindiga a kafaɗa, zabi biyar na lilo a hannunsa, wai a rafi ya harbo. Makaɗa suka koma kansa, tsofaffi suna ta sa albarka. Aka miƙa wa Atipoka ta fige, tunda ita ce babba.

Tana juya na farkon ta ga ƙafar hagu babu ƙaramin yatsa. Kowane gida da shaidarsa, wannan kuwa ita ta yanke da reza tun suna 'yan tsaki. Ta duba sauran huɗun, duk haka. Zuciyarta ta yi baƙi ƙirin.

Matar Nsobila ta leƙo. "Yaya, a fige da kyau fa. Ba kowa ke tuna uwarsa haka ba."

Atipoka ta ce to, ta jawo ruwan zafi.