Wuyan Malam Jaji

"Ku matso, jama'a, ba yanka ba ne, taɓawa ce kawai!" in ji Malam Jaji. Ya faɗa da Hausa, ya juya zai maimaita da yaren Gbagyi, sai hamma ta ƙwace masa a tsakiyar magana. Ya yi maza ya rufe baki da bayan hannu.

Kwana uku ke nan ma'aikatan ciwon barci da Gwamnatin Turawa ta turo suna ƙarƙashin tsamiyar kasuwar Gayam. Aikinsu ɗaya ne. Mutum ya zauna a kan turmi, Malam Ƙasimu, malamin asibiti ɗan Zariya, ya lalubi bayan wuyansa. In ya ji kaluluwa, sai ya zuƙo ruwanta da allura ya duba a madubin likita. Da la'asar ɗin nan za su naɗe kayansu, ba kuma a sa ran su sake leƙo wannan daji sai bayan shekara biyu. Wanda ke ɗauke da ciwon bai zauna a turmin nan yau ba, da wuya ya ga dawowarsu.

Jaji mai bishara ne. Shi ke riƙe da 'yar majami'ar ciyawa ta hayin rafi, mai mutum goma sha ɗaya in an haɗa da jarirai. Shi aka roƙa ya yi tafinta, kuma ya yi, don ya jera mutum fiye da ɗari uku a layi. Amma shi gogan naka bai zauna ba. Cikin wannan zafi na bazara yana naɗe da ƙyalle a wuya sai ka ce mai mura.

Ya san abin da ke ƙarƙashin ƙyallen, yana dai ƙin sani ne. Wata biyu ke nan kansa na sara, zazzaɓi ya zo ya tafi, barci kuwa ba ya sallama. Ranar Lahadi ma yana cikin jan addu'a ya yi shiru, jama'a na durƙushe ido a rufe suna tsammanin Ruhu ne ya sauko, sai da suka ji minshari. Kunya ta kusa kashe shi. Ya yanke wa kansa hukunci cewa lalaci ne da aikin Shaiɗan, ya kuma haɗa magani da kansa: azumi, rage kwanciya, da tafiya ƙauyen Kazage wa'azi a ƙasa maimakon a keke. A can ƙasan ransa kuwa tsoro ne. In Baturen mishan ya ji yana ciwo zai janye shi, majami'ar ta koma ɗakin awaki.

Rana ta take tsaka sai ga matarsa Talatu, da ƙwarya a kafaɗa irin ɗaukar matan Gbagyi. Ta sauke, ta buɗe. Doya ce dafaffiya da ɗan yaji a gefe.

"Malam, ka sa wani abu a cikinka."

"Ina azumi, kin sani."

"Na sani mana. Yau kwana huɗu ina dafa wa kaji abinci." Ta rage murya. "Jikin nan yana ta kiranka, kana ta toshe kunne. Wa kake tsammani ya sa masa baki?"

"Jiki abin horo ne, Talatu."

"Jakin gidanmu ma ana horonsa, amma ana ba shi dusa."

Sai ya hango Bakoji maharbi a gindin wata ɗorawa can gefen kasuwa, da iyalinsa wajen mutum ashirin. Sun fito daga cikin daji ne, inda ƙudan tsando mai sa ciwon barci ya fi yawa, amma kwana uku suna zuwa kallo suna komawa. Jaji ya taka ya same su.

Ya durƙusa ya gai da Bakoji. "Baba, yau ce ta ƙarshe. Ka bari a duba yaran nan. Allah ne ya yi jikin mutum, shi ya sa masa yunwa da gajiya da zafi don su riƙa ba shi labari. Wanda ya ji ya ƙi saurara, ba jarumi ba ne, raina aikin Mahalicci ya yi."

Maganar ta yi daɗi, shi kansa ya ji ta zauna. Bakoji ya tofar da tsinken da yake taunawa, ya dube shi sama da ƙasa.

"To, Malam, kai an taɓa naka?"

Jaji ya kai hannu ya taɓa ƙyallen wuyansa. Wannan magana da ya gama shirya wa wani, ashe tasa ce. Ya ji kunya, ya ji haushi, ya kuma ji wani irin sauƙi, kamar wanda ya daɗe da kaya a ka aka ce masa ya sauke. Ya tuna Almasihu ma ya ji yunwa ya ci, ya gaji ya kwanta, ba a ce ya yi zunubi ba. To shi Jaji ɗan wa?

Ya miƙe a hankali, ya kwance ƙyallen. Ya ratsa kasuwa wuya a buɗe, mata masu nono na bin sa da kallo, ya je ya zauna a kan turmi.

Malam Ƙasimu bai nuna mamaki ba. "Tun shekaranjiya nake jiranka," ya ce, yatsunsa na bin bayan wuyan. "Mai mura ba ya barci a tsaye." Ya soka allura, ya ɗiga a gilashi, ya sunkuya a kan madubi. Talatu na tsaye ta kama bakinta, leɓunanta na motsi.

"Akwai shi," in ji Ƙasimu daga bisani. "Amma ka taki sa'a, alamu sun nuna bai yi nisa ba. Za ka riƙa zuwa Birnin Gwari shan allura har ta ƙare. Ka ci abinci, ka kwanta in barci ya zo, da safe ka ɗan taka zuwa rafi ka dawo. Kazage kuwa ta jira ka."

"Majami'ar fa?"

"Malam, ni ba addininku nake yi ba, amma ban taɓa jin gawa ta yi wa'azi ba. Kuma ba na yi wa mai azumi allura, kada ka faɗo mini."

Talatu ba ta jira an ce mata ba, ta turo ƙwarya. Jaji ya sunkuyar da kai, ya yi godiya gajeriya, ya gutsuri doya ya dangwali yaji. Hawaye suka cika masa ido, bai san ko yajin ne ko daɗin ba.

Yana cikin taunawa ya ji an taɓa kafaɗarsa. Bakoji ne, da jikarsa a hannu, sauran iyalin sun jeru a bayansa har bakin rumfar mahauta.

"Malam," ya ce, "koma inuwa ka ƙarasa cin doyarka. Ka tare mana turmi."