Idon Hamdiya

"Mademoiselle, da ke nake magana. Dube ni!"

Cikin mutum buɗe a gabanmu, hannuwana riƙe da ƙarfen da ke ware tsoka, Farfesa Garnier ya daka mini tsawa. Wallahi na so in ɗaga kai, wuyana ya ƙi. Ni da na tashi a Maraɗi, a gidan da ko kallon yayan babanka ka yi sai an ce ba ka da kunya, ta yaya zan zuba wa mai furfura ido?

A ɗakin tiyata kuwa ido ne kawai mutum, takunkumi da hula sun rufe sauran.

Da aka gama, ya ce mini a gaban kowa: "Ba na miƙa allurar ɗinki ga mai ɓoye ido. In ba ki canza ba, ba zan sa hannu a kan watanninki na nan ba. Ki nemi wani fannin."

In ya ƙi sa hannu, tiyata ta ƙare mini. Duk sashen nan na asibitin Lyon ni kaɗai ce baƙar fata cikin masu koyo. Wa zan kai wa kuka?

* * *

Ran Asabar na hau jirgin ƙasa zuwa Paris. Yaya Ruwaida, 'yar Damagaram, ta kusa kammala koyon tiyata, ita ta haɗa 'yar ƙungiyarmu ta 'yan ƙasarmu masu koyon likitanci: duk wanda ya yi gaba ya riƙe na bayansa. A saman shagon atamfar kawunta muke taruwa, a unguwar Château Rouge.

Ta saurare ni har ƙarshe, sai ta leƙa ƙasa. "Kawu Dodo! Don Allah ɗan hawo."

Alhaji Dodo ya hawo yana haki. Na durƙusa na gaishe shi.

"Tashi," in ji Ruwaida. "Kalle shi cikin ido, ki ce: ni zan ɗinke."

"Haba Yaya! Alhajin?"

"Shi fa. In kin iya da shi, Garnier wasa ne."

Alhaji ya gyara hula. "Ikon Allah! Yau ni aka mayar abin gwajin rashin kunya? To, kalle ni, 'yata, na yafe."

Sun yi dariya, ni kuwa gumi nake. Na ɗaga ido ya faɗi, na sake ɗagawa ya faɗi. Sai da la'asar ta yi kafin na iya riƙe idon dattijon har na gama maganar. Kunya ta sa ban iya yi masa sallama da kyau ba.

* * *

Ran Litinin aka cire wa wata tsohuwa wani yanki na hanji. Tun safe ban sa komai a bakina ba don tsoro. Da aka zo rufewa, Farfesa ya ce, "Wa zai ɗinke?"

Na yi bisimilla a zuci, na ɗaga kai, na dube shi tsakiyar ido.

"Ni zan ɗinke."

Ɗakin ya yi tsit, sai ƙarar na'urar bugun zuciya. Ya daɗe yana kallona. Ban sauke ba.

"A nan ba a ba ni umarni," ya ce a hankali. "Wannan kallon ki ajiye shi can unguwarku."

Ya miƙa wa Bastien allurar, wanda ya zo bayana da wata guda. Ni aka bar ni da ƙarfena.

* * *

A ɗakin canza kaya na kira Ruwaida a waya. Na faɗa mata duka.

"Innalillahi," ta ce. Can ta nisa. "Bai ce ya ƙi sa hannu ba tukuna. Ki daure, Hamdiya. Kuma Asabar ki zo, akwai wata sabuwa daga Tawa, Lina, za ta fara a Lyon. Ke za ki riƙe ta."

"Ni? Yaya, tsoro nake ji. In ta tambaye ni, me zan ce ta yi da idonta?"

Ina jin ƙarar jirgin metro ta wayarta, ya zo ya wuce. Ruwaida ba ta kashe ba, ba ta kuma amsa ba.