Ƙafar Kimba Mai Yankan Farce

"Cikinku wane ne ɗan'uwansa?" likitar ta tambaya da Faransanci, tana cire safar hannu.

Metur Ayouba, tsohon malamin makaranta, ya fassara wa Alhaji Issifou tambayar, sannan ya kawar da kai yana duban bango. Alhaji ya ce maƙwabta ne su, daga unguwar Zongo suka kawo shi, iyalinsa suna Nijar.

"Ciwon suga ne," in ji ta. "Gyambon ƙafar ya ruɓe, dafin ya shiga jini. Da mako uku da suka wuce aka kawo shi, da wanki da magani sun isa. Za mu yi iyakar ƙoƙarinmu."

Metur bai fassara zancen mako ukun ba, amma Alhaji ya shekara arba'in yana sayar da kayan gyaran babur a Lome, ya san ƙidayar Faransanci sarai.

Marar lafiyar, Kimba, mutumin Dogon Dutsi ne, yankan farce ne sana'arsa. Shekara goma sha ɗaya yana haya a ɗan ɗakin da ke bayan shagon Alhaji. Kowace Alhamis da hantsi yakan shimfiɗa buhu a gaban bencin da Alhaji da Metur ke zama, ya ɗora ƙafar wannan a cinyarsa, ya gama, ya ɗauki ta wancan. Su kuwa suna can sama suna gardamarsu da ba ta ƙarewa.

Metur ya tsaya a kan cewa lafiyar talaka nauyin gwamnati ce. "Me ya sa muke biyan haraji? Ya kamata kowa ya shiga asibiti da kati, a duba shi, ko ɗan ƙasa ko baƙo. Hakki ne, ba roƙo ba."

Alhaji kan yi murmushi. "Metur, boko ya ɓata ka. Gwamnati ta san sunanka? Duk abin da ta sa hannu a ciki sai ya zama layi da takarda. Mu a Zongo tun kakanni mu ke riƙe da marasa lafiyarmu. Akwai dangi, akwai masallaci, akwai zakka. In ka koya wa mutane jiran gwamnati, maƙwabci zai daina leƙa maƙwabcinsa."

Wata Alhamis gardama ta yi zafi, Alhaji ya sunkuya ya ce, "Kai Kimba, raba mu. Wa ke da gaskiya?"

Kimba bai ɗaga kai daga almakashinsa ba. "Ni dai, Alhaji, ƙafa ce ke mini ciwo."

Suka yi dariya su biyun, don sun ɗauka dabarar kauce wa rigimar manya ce. Metur ya ce ga shaida nan, a kan irin su Kimba yake magana. Alhaji ya ce ai irin su Kimba ba su taɓa taɓewa a Zongo ba. Suka ci gaba. A kan bencin asibitin Alhaji ya lissafa, ya ga ranar ta kai mako huɗu.

Asiyatu mai koko ce ta zo shago da safiyar nan ta ce Kimba ba ya gane mutane. Da suka buɗe ɗakin, wari ne ya fara tarar su. Yanzu tana zaune a ƙarshen benci, ta bar tukunyarta a hannun maƙwabciya.

"Tun yaushe yake kwance?" Alhaji ya tambaye ta.

"Kwana tara. Ni nake kai masa koko, ina wanke masa da ruwan gishiri."

"Me ya hana ki faɗa mini?"

"Na zo, Alhaji. Ranar Litinin. Na tarar kuna magana da Metur a kan asibiti. Na daɗe a tsaye, ban sami inda zan sa baki ba, garwashina kuma yana cinyewa, sai na koma."

Ba da faɗa ta faɗe shi ba. Alhaji ya tuna ya gan ta a ranar, har ya ɗaga mata hannu alamar ta dakata.

Kimba ya cika bayan la'asar, bai farfaɗo ba. Washegari aka yi jana'iza, Zongo ta fito sosai, sahu ya kai bakin titi. Wani dattijo ya kama hannun Alhaji ya ce haka aka san mu, ba ma yar da namu. Alhaji ya zare hannunsa a hankali.

Da suka dawo daga maƙabarta, shi da Metur suka shiga ɗakin don haɗa kayan mamacin. Hadari ya haɗo daga wajen teku, aka fara yayyafi. A cikin wayar Kimba suka sami lambar matarsa Hadjara, wadda 'yan garinsu suka riga suka sanar. Metur ya danna lambar, ya miƙa wa Alhaji wayar.

Bayan ta'aziyya ta tambaya, "Ya sha wuya?"

"Ya ɗan jinya," in ji Alhaji.

"Kai ne Alhaji mai shago?"

"Ni ne."

"To Allah ya saka. Kullum shi kan ce in kwantar da hankalina, yana da manya biyu a Lome, Alhaji da wani malamin boko. Ya ce kullum zancenku ke nan, yadda za a kula da marar lafiya. Da na ji labari sai na ce wa yara, ko ba komai a hannun mutanen kirki ya cika."

Alhaji ya buɗe baki zai gaya mata yadda abin ya kasance. Ya ji kukan yara a bayanta, ya kasa.

"Allah ya jiƙansa," ya ce.

"Amin. A gaida malamin."

Layi ya katse. Bai isar da gaisuwar ba, don Metur yana kusa, ya ji da kunnensa. Suka zauna a bakin tabarma, ba wanda ya dubi wani. Ruwa ya ƙarfafa, ya fara ɗiga ta wani rami a kwanon rufin, daidai kan matashin Kimba. Metur ya tashi ya ja matashin gefe, Alhaji ya ɗauko wani tsohon gwangwanin madara ya tara.